Guɗar da Na Yi a Bakin Ruwan Ladywood

Tun kafin jirgi ya sauke mu a Manchester nake ɗauke da fargaba ɗaya, kuma ba ta sanyi ba ce, ba ta rashin Turanci ba, duk da su ma sun gasa ni. Fargabata kai ne, Abba. A Gumel in ka fita ƙofar gida duk wanda ya gan ka ya san ɗan waye, in ka faɗi akwai mai ɗaga ka, in ka yi ɓarna akwai mai ja maka kunne kafin labari ya iso ni. A nan kuwa sai in tsaya a tagar flat ɗinmu na Ardwick, can saman bene, ina kallon mutane suna wuce juna ba sallama ba gaisuwa, ina tambayar kaina, in wani abu ya sami yaron nan a titin nan wa zai tsaya? Babanku yana kan digirinsa na uku, ya fita da safe da jakar kwamfuta, ya dawo idonsa ja. Ni kuwa shekaruna ashirin da 'yan kai, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. Wata rana a filin wasan yara wani yaro farar fata ya faɗa maka wata magana, uwarsa na zaune ko ɗagowa daga wayarta ba ta yi ba. Ka zo ka tambaye ni wai da gaske ne in ka cuɗa jikinka sosai za ka yi fari. Na ce wasa yake maka, na saya maka alawa, muka koma gida. Iyakar dabarata ke nan a lokacin, in rufe magana da abin zaƙi.

Ina rubuta wannan ne saboda labarin da kuke kira guɗar Umma. Babanku ya sha ba da shi a gaban baƙi, ku ma kun iya kwaikwayona, ke Ummi har da kama hanci, alhali a bayana kike goye ranar. Nakan yi dariya tare da ku don kada in ɓata hira. Amma rabin labarin kuke da shi, rabin da ake dariya. In Hausar ta yi muku nauyi ku bi ta a hankali, kada ku ba babanku ya karanta muku, zai ƙara gishiri.

A hawan ƙasa na ginin da muke akwai wata dattijuwa 'yar Jamaika, Mama Gloriya, wadda ta yi aikin jinya har ta ajiye. Kun san ta, amma ba ku san ta a lokacin da take da ƙarfinta ba, doguwa, mai faɗin kafaɗa, in tana dariya a ƙasa har sama muke ji. Da farko ban sake da ita ba. Matan 'yan'uwanmu ɗalibai da muke haɗuwa da su ranar Juma'a sun cika min kunne, wai in yi hankali da mutanen nan, ba irinmu ba ne, fata kawai muka haɗa. Na ɗauka kuwa. In ta miƙo mana kek sai in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in na hau sama in rasa yadda zan yi da shi, don an ce da giya suke kwaɓawa. Sai da na sami cikin Ummi, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, likita ta ce in daina doguwar tafiya. Wata safiya na sauko ina jan ƙafa ina riƙe da kai, sai ga matar nan a ƙofarta da rigar sanyi. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, ta miƙo hannu ta karɓe ka kamar dama mun shirya. Tun daga ranar ita ke kai ka makaranta, ita ke ɗauko ka. Ba mu da yare ɗaya, kai ne tafintanmu, kana ɗan shekara bakwai, bakinka ya riga ya koma na 'yan Manchester. Daga taga nake bin ku da ido. Na lura kullum ita ce a gefen titi kai a gefen gini, kuma duk ruwan da ake yi ba ta taɓa bi da kai ta gajeriyar hanyar nan ta bakin ruwa ba, sai ta zagaya ta babban titi. Na ji daɗin hakan, ban tambayi dalili ba. A duk ƙasar nan ita kaɗai ce in ɗana yana hannunta nake iya zama in sha shayi.

Ranar sunan Ummi ta hau sama da ƙyar, ta zauna cikin mata, ta yarda aka ɗaura mata ɗankwali, ta ci waina da hannu, ta kawo kayan jarirai saƙar hannunta. To kun san mu, wadda ta zo maka biki ta ɗora maka nauyi, sai ka jira ranar nata.

Da bazara ta shigo sai babanku ya dawo wata rana yana cire takalmi yake gaya min sun haɗu da Mama a matakala, wai suna da taro na danginsu a Birmingham ranar Asabar, don girmama ƙaninta, an ɗauki hayar doguwar mota, tana so mu je. Shi ba zai samu ba, malaminsa na jiran wani babi. Na tambaye shi wane irin taro, ya ce irin nasu dai, ya buɗe kwamfuta. Ni kuma na zauna na haɗa abin da idona ya gani. An yi gayyata. An ɗauki mota. Duk satin ƙamshin gashi ke tasowa daga ƙasa. Na ga ta dawo daga kasuwa da sabuwar hula a kwali, washegari kuma aka kawo mata furanni. A wurinmu ba a gayyatar mutum makoki, ji kake ka saka mayafi ka tafi. Ba a yi wa mutuwa sabuwar hula, ba a saya mata fure. Don haka ko kusa ban kawo mutuwa a raina ba. Na ce ƙanin nata wani muƙami ya samu, ko ya ajiye aiki ana masa walima. Murna ta kama ni, ga ranar da zan fitar da Mama kunya ta zo.

Na kwana biyu ina suyar cincin da dubulan. Na kira wata ƙawata ta zo ta zana min lalle. Na buɗe akwatin lefena na ciro leshin nan ruwan lemo mai duwatsu, wanda tun zuwana ban sami inda zan saka ba, da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, na turara komai na shafa humra. Na naɗe turmin atamfa a takarda mai ƙyalli, gudummawata ke nan. Kai ma na saka maka shadda da hula.

Da muka isa wurin motar na ga yawancin mutanen cikin baƙaƙen kaya da farare suke, amma a ƙasar nan ko ranar aure haka suke yi, ban ɗauke shi komai ba. Mama Gloriya ta juyo ta gan ni. Ta ɗan yi jim, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta dafa kafaɗata ta yi magana, kai kuma ka fassara.

"Wai kin yi kyau, Umma."

Na sha tuna wannan jim ɗin. Da na iya yarenta, da a nan abin ya ƙare. A mota kuwa ba abin da zai farkar da ni. Tsofaffi ne galibi, 'yan cocinsu, ana ta tsokanar juna, ana miƙa soyayyen kifi daga kujera zuwa kujera, wani dattijo ya ɗauko waƙa kowa ya amsa. Na zaga da cincin ɗina, aka ci aka yaba. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana juya shi tana kallon lallen. Na ji ni cikin mutane, abin da na daɗe ban ji ba.

Motar ta tsaya a wata unguwa da aka ce min Ladywood, kusa da wani ɗan coci na jan bulo. Mutanen Birmingham na jira a ƙofa, aka hau rungumar juna, aka fara shiga ciki. Ni ban taɓa shiga coci ba, na yi wa Mama alama zan jira a waje, ta gyaɗa kai ta nuna min wata hanya da ta gangara, wai can za su fito. Muka gangara, Ummi a baya, kai a hannu, jakar abinci a ɗaya hannun. Sai ga ruwa, irin dogon nan da aka haƙa da hannu suke ce masa kanal, ga wata tsohuwar gada, ga ciyawa an gyara ta tsaf, rana ta fito. A tsakiyar ciyawar akwai wani baƙin dutse mai santsi, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, samansa a shimfiɗe, an shuka ƙananan furanni kewaye da shi. Wallahi abin da na gani wurin zama ne mai kyau. Mu ba ma sa dutse don mamaci. Kakana da ya raine ni, in aka kai ni maƙabartar garinmu yau ba zan iya nuna inda yake ba, ba ma a kai mu. Rubutun kuwa da ke jikin dutsen, a ƙasar nan har kwandon shara rubutu ne da shi, idona ya saba wucewa ta kansa.

Ka ce kana jin yunwa. Na ɗaga ka na ɗora a kai, na buɗe roba na zuba maka cincin a cinya, na jera dubulan a gefe. Garin cincin ya zube ko'ina, tattabaru suka taru. Wata budurwa ta zo wucewa da kare, na miƙa mata wayata na yi mata alamar hoto. Ta dubi dutsen, ta dube ni, ta ɗauka dai. Ni ma na zauna kusa da kai, na baza leshi, na gyara mayafi, na fito da hannun lalle gaba, don in aika wa su Inna a gida su ga 'yarsu a bikin Ingila.

Ina cikin duba hotunan na ji tafiyar mutane. Suna gangarowa a jere, a hankali, ba mai magana. A gaba Mama Gloriya ce da sabuwar hularta, furanni rungume a ƙirji, tana riƙe da hannun wani dogon dattijo mai kwat da farin gashi. Na ce a raina ga mai taron nan, ga ƙanin. Shirun nasu ma na ɗauka irin na Turawa ne, ba su iya karɓar mai biki ba, bari in nuna musu yadda ake yi. Na miƙe tsaye, na kama hanci, na rangaɗa guɗa. Ba ƙarama ba. Irin wadda ake yi in an shigo da kayan lefe. Na ji ta ta bi ruwa ta shiga ƙarƙashin gada ta dawo min. Tattabaru suka tashi. Ummi ta farka da kuka.

Suka tsaya cik. Ba wanda ya ɗaure fuska, ba wanda ya yi dariya, kallona kawai suke, ni da robar dubulan da dutsen. A nan babanku yake tsayar da labari, don a nan ake dariya.

Kai ne ka sauko, ka juya, ka sa yatsa kana bin rubutun da ƙarfi kamar yadda aka koya muku a aji. Na ji suna, na ji ka ce goma sha tara. Sai muryarka ta yi ƙasa. Ka ɗago ka gaya min da Hausa, kana haɗawa da Turanci inda ta ƙare maka, cewa wani ne mai suna Lenad, ɗan shekara goma sha tara, yana dawowa daga aiki wasu samari fararen fata suka bi shi, suka doke shi a nan wurin, suka jefa shi ruwa, tun kafin a haifi babanku. Wai an sa dutsen don kada a manta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Duwatsun leshin nan kowanne sai da na ji nauyinsa. Ƙamshin humrata ya dawo min kamar wari. Mama Gloriya ta saki hannun dattijon, wanda daga baya na ji limamin cocinsu ne, ta tako ita kaɗai. Na yi zaton mari, da ma ta mare ni. Ta ba ka furannin ka riƙe, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauke robata ta ajiye a ciyawa, ta ciro hankici ta share garin cincin ɗin cikin tafin hannunta, ta goge man da ya ɓata sunan, harafi bayan harafi. Ba ta zubar da garin a wurin ba, ta ƙulle shi a hankicin ta sa a jaka. Sannan ta karɓi furannin ta ajiye.

Sai ka tambaye ta wani abu, ta amsa, ka sake tambaya, ta riƙe fuskarka da hannu biyu ta yi maka magana mai ɗan tsawo. Ni ina gefe kamar baƙuwa. A mota na tambaye ka me ka ce mata.

"Na ce me ya yi musu. Ta ce bai yi komai ba, baƙi ne kawai. Na ce ni ma baƙi ne. Ta ce e, shi ya sa take riƙe hannuna."

Sauran taron a can baya na tsaya, na ciro zanen goyo na biyu na lulluɓa a kan leshin, na zare awarwaro na cusa a jaka. Suka yi addu'arsu, suka yi waƙa, kowa ya zo ya taɓa dutsen ya ambaci sunan. Da aka koma cin abinci a ɗakin taro na coci, tsohuwar da ta yaba lallena ta fito har waje ta kawo min faranti, na kasa ɗaga ido in karɓa. Atamfar nan ban ciro ta ba. A hanyar dawowa Mama ta zauna a gaba, ni a kujerar ƙarshe, har Manchester ba mu haɗa ido ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba ku sani ba, kuma shi ya fi ci min rai. Ranar Litinin na tashe ka da wuri, na goya Ummi, muka sauka a hankali muka fita ta ƙofar baya wurin kwandunan shara. Haka washegari, haka duk satin, har abin ya zama jiki. In zan fita sai na kasa kunne a matakala tukuna. In na ji ƙwanƙwasarta, don na san ta, sai in rufe wa Ummi baki da nono in yi shiru har ta gaji ta sauka. Na gaya wa babanku abin da ya faru, ya yi dariya har da hawaye, ya ce mutanen nan ba su da riƙo, shi zai ba ta haƙuri in sun haɗu. Ya kuma ba ta, a tsaye, a matakala, da jaka a kafaɗa. Ya ce ta ce ba komai. Na san ba komai ɗin da ake faɗa a matakala. Kai kuma ka rage magana. In mun zo wucewa ta kusa da fararen samari sai in ji ka matse min hannu, ka tambaye ni me ya sa Mama ta daina kai ka, ko fushi take da kai. Na ce ƙafarta ke ciwo. Wata safiya muka makara, na leƙa ta taga, sai na gan ta a bakin ƙofar gini da rigar sanyinta da lema, tana duba agogo. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta naɗe lemar ta koma ciki. Ashe kullum haka take yi, muna zagayewa ta baya.

Ranar na kira Inna, kakarku, Allah ya jiƙanta. Na ba ta labari tun daga lalle har guɗa, ina jira ta yi salati ko ta yi faɗa. Ta saurara har na gama.

"To kin je kin yi mata gaisuwa?"

Na ce Inna wace gaisuwa, mutumin ya fi shekara arba'in da rasuwa, kuma ba musulmi ba ne.

"Ke yaushe kika ji? Ranar da kika ji, ranar ya mutu a wurinki. Maƙwabciyarki ta yi rashi, kin ji, kin zauna a ɗaki kina jin kunyar kayan jikinki. Wannan ba kunya ba ce, Sa'a, son kai ne. Tashi ki dafa abu ki sauka."

Na dafa shinkafa da miya a babbar kula. Na saka doguwar hijabina ruwan toka, ba turare ba kwalli. Da ka dawo makaranta na riƙo hannunka muka sauka ta gaba. Matakalar nan ba ta taɓa yi min tsawo kamar ranar ba. Ta buɗe, ta dube mu, ta matsa gefe. Na cire takalmi a ƙofa, na ajiye kular, na wuce kujerunta na zauna a ƙasa na jingina da bango, kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Ta nuna min kujera, na girgiza kai. Na ce maka ka ce mata ya haƙuri. Ka yi ta juya maganar ka ce ba ka san yadda ake faɗa ba. Na ce to ka ce na zo zaman ƙaninta, ban ji da wuri ba.

Ta zauna a kujerar da ke fuskantata. Ba wanda ya ce komai. Agogon bangonta na tafiya, Ummi na barci a cinyata. A wurinmu shirun nan ba baƙo ba ne, shi ake zuwa yi, amma na ji tsoron ita za ta ga kamar na rasa abin faɗa. Can sai ta tashi ta ɗauko wani hoto a kan talabijin ta miƙo min. Saurayi ne siriri, ya karkata hula, yana dariya da wushirya. Sannan ta fara magana, tana tsayawa kana juya min. Ta ce shi ne autansu, ita ta riƙo hannunsa a jirgin ruwan da ya kawo su. Ta ce da aka tsamo shi an gaya wa uwarsu wai maye ya yi ya faɗa, alhali ko shayi mai ƙarfi ba ya sha, sai da aka yi shekaru ana fama kafin a yarda a rubuta gaskiya a dutse. Ta ce a layinsu na lokacin su kaɗai ne baƙaƙe, ranar da aka kawo labari maƙwabta labule suka ja, uwarsu ta jera kujeru a falo ba wanda ya shigo ya zauna.

Ta dube ni a ƙasa. Sannan ta ce wani abu, ka ƙi fassarawa, sai da ta taɓa ka.

"Wai ta ji haushinki ranar, har rabin hanya ba ta son ganinki. Wai ihun bai dame ta ba, Lenad mai son hayaniya ne. Abincin da ke kan sunansa ne ya yi mata zafi. Amma wai wannan ta goge shi da hankici." Ka dube ta, ka dube ni. "Wai abin da ba ta iya gogewa ba shi ne da kika ɗauke mata ni."

A nan na yi kukan da ban yi a Birmingham ba. Ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni na yi. Da na tsagaita ta ce akwai wata magana, wannan tawa ce ba taka ba, amma dole ta bakinka za ta bi. Ta ce ka ba ta labarin yaron filin wasa da alawar da na saya maka. Ta ce uwarsu ma haka ta yi, ta gaya wa Lenad in ya yi ladabi ya sunkuyar da kai ba mai taɓa shi, ya tafi bai san ana farautar irinsa ba. Ta ce in gaya maka gaskiya da yarena, don ita nata ka ji, nawa kake jira.

Da muka hau sama na zaunar da kai na gaya maka, da Hausata da ba ta da kalmomin 'yan boko. Na ce yaron nan ba wasa yake ba, ni ce na ji tsoro. Na ce akwai masu ƙin mu don fatarmu, ba su ne duka ba amma akwai su, kuma fatarka ba datti ba ce, haka Allah ya so ka. Ka tambaye ni ko mu da su Mama iri ɗaya ne. Na tuna maganar matan Juma'a, na ji wata sabuwar kunya. Na ce waɗanda suka bi Lenad ba su tsaya tambayar garinsu ko addininsa ba. Washegari na sauko da kai ta ƙofar gaba, tana nan da lemarta. Ta karɓi hannunka, ta koma gefen titi.

Yanzu ga shi ka sami jami'a a Birmingham, kana ta murna da ɗakin da kuka kama a Selly Oak, ni kuma tsohuwar fargabata ta dawo sabuwa, amma wannan tawa ce, zan ji da ita. Mama tana gidan kula da tsofaffi, tunaninta ya fara barinta. Ni in na je wani lokaci ta gane ni, wani lokaci ta ɗauka ma'aikaciya ce. Na san dalilin da ya sa ka rage zuwa, Ummi ta gaya min, wai zuwanka na ƙarshe ta kama hannunka tana kiranka Lenad, tana tambayar me ya sa ka daɗe a hanya, ka rasa abin cewa ka fito. Na san irin wannan gudun, na yi shi ta ƙofar shara.

Abba, kafin ka ɗaure kayanka ka je ka gan ta. Ka zauna, ko ba ka da abin faɗa. In ta kira ka da sunan ƙaninta, ka amsa, ka ce mata ka iso gida lafiya.